Hutun bazara a ɗakunan binciken ƙetare: Dalilin da ya sa ɗalibin Maiduguri ke buƙatar harshe kamar yadda yake buƙatar na'ura

A kowace shekara, galibi daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, wasu manyan cibiyoyin binciken kimiyya na Turai da Asiya da Gabas ta Tsakiya kan buɗe ƙofar karɓar takardun neman gurbi daga ɗaliban jami'o'in duniya. Gurbin ba ya kai ga digiri. Zama ne na 'yan makonni ko 'yan watanni, inda ɗalibi zai shiga ɗakin gwaje-gwaje ya yi aiki a ƙarƙashin wani masani, ya kuma rayu cikin mutanen da harshensu da cimarsu da ɗabi'unsu suka sha bamban da nasa.

Wannan 'yar ƙaramar ƙofa ta ƙara daraja ga ɗaliban likitanci da haɗa magunguna da gwaje-gwajen asibiti da nazarin ƙananan halittu na Jami'ar Maiduguri, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanar da sauya mata suna zuwa Jami'ar Muhammadu Buhari a watan Yulin 2025. Dalili kuwa shi ne manyan ƙofofin sun fara rufewa. Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, TETFund, ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin malamai zuwa karatu a ƙasashen waje daga watan Janairun 2025. A watan Afrilun shekarar kuma Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da kawo ƙarshen tallafin karatu na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, wanda ya daɗe yana kai ɗaliban Najeriya ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya da Hungary.

Saboda haka gajeren zaman da cibiyar da ta gayyaci ɗalibi ke biyan kuɗinsa ya zama ɗaya daga cikin 'yan hanyoyin da suka rage wa ɗan talaka ya ga yadda ake bincike a wata ƙasa. Sai dai amfaninsa ga Borno ya dogara ne ga abin da ɗalibin ya dawo da shi. Wanda ya koyo sarrafa na'ura kaɗai ya dawo da rabin guzuri, domin a yankin Tafkin Chadi cuta ba ta san iyaka ba, marasa lafiya kuma ba da harshe guda suke magana ba.

Mene ne wannan shiri?

Kalmar bazara a nan tana buƙatar bayani. Lokacin da Turawa ke nufi shi ne watannin Yuni da Yuli da Agusta, sa'ad da jami'o'insu ke dogon hutu, ɗakunan bincike kuma suke samun sararin karɓar baƙi. A Maiduguri wannan lokaci tsakiyar damina ne, kuma sau da yawa ana tsaka da zangon karatu.

Shirye-shiryen iri biyu ne. Akwai wanda ɗalibi ko jami'arsa ke biya, wanda ya fi yawa a tsarin jami'o'in Amurka. A irinsa akan raba lokaci tsakanin darasin harshen ƙasar da aka je da aikin ɗakin gwaji, a haɗa da ziyarar wuraren tarihi, wani lokaci ma a sauke ɗalibi a gidan wasu iyalai na garin. Kuɗinsa ya fi ƙarfin mafi yawan iyayen Najeriya.

Na biyu shi ne wanda cibiyar bincike ke ɗaukar nauyi, tana zaɓen ɗalibai bisa cancanta. Kwalejin Fasaha ta Tarayyar Switzerland da ke Lausanne, EPFL, tana da shirin mako takwas a fannin kimiyyar rayuwa. Cibiyar Vienna BioCenter da Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Ostiriya, ISTA, suna da irinsa. Cibiyar OIST da ke tsibirin Okinawa na Japan da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah, KAUST, da ke Thuwal a Saudiyya suna karɓar ɗalibai masu ziyara na tsawon watanni. Waɗannan cibiyoyi kan taimaka da masauki da kuɗin tafiya da na kashewa, kuma ƙa'idojinsu na sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka shafin intanet na kowace cibiya ne abin dogaro.

Ɗaliban likitanci suna da wata hanyar ta daban. Ƙungiyar Ɗaliban Likitanci ta Najeriya, NiMSA, mamba ce a tarayyar ƙungiyoyin ɗaliban likitanci ta duniya, IFMSA, wadda aka kafa a 1951, kuma take shirya musayar ɗalibai ta mako huɗu domin aikin asibiti ko na bincike, inda ɗaliban ƙasar da aka je ke zama masu masaukin baƙi.

Me ɗalibi ke yi a cikin mako takwas?

Babu wanda ke gano maganin wata cuta a wata biyu. Abin da ake ba ɗalibi shi ne ƙaramar tambaya guda daga cikin babban aikin da masanan wurin suka daɗe suna yi. Makon farko kan tafi ne a horon kariya: yadda ake riƙe sinadarai masu haɗari, inda ake zubar da allura da sharar gwaji, da abin da ake yi idan wani abu ya zube.

Daga nan sai aikin hannu. Ɗalibi zai koyi auna ɗigon ruwan da bai kai ƙwayar gero ba, ya ciro sinadarin gado na DNA daga jini ko tsoka, ya ninka shi ta hanyar gwajin PCR, ya raini ƙwayoyin halitta a cikin kwalba ba tare da ƙura ko numfashinsa sun gurɓata su ba, ya kuma duba su a madubin ƙara girman ƙananan abubuwa. Yawancin ɗaliban Najeriya sun san waɗannan matakai a littafi, sun rubuta jarrabawa a kansu, amma ɗalibai da yawa kan taru ne a kan na'ura guda suna kallon malami yana nunawa.

Akwai kuma darussan da ba a rubuta su a jadawali. Ana rubuta duk abin da aka yi a littafin gwaji da kwanan wata, har da wanda ya lalace. Ana maimaita gwaji sau da dama kafin a yarda da sakamakonsa. A taron mako-mako ɗalibi zai tsaya gaban abokan aiki ya bayyana abin da ya samu, su kuma su yi masa tambayoyi ba sani ba sabo. A ƙarshen zama yakan gabatar da aikinsa a wani ɗan taro, kuma wasiƙar shaida da shugaban ɗakin zai rubuta masa ita ce jarin da ke buɗe ƙofar digiri na biyu ko na uku daga baya.

Ina harshe ya shigo?

A Lausanne da Vienna da Okinawa da Thuwal, Ingilishi ne harshen aikin bincike, kuma wannan ya sa ɗalibin Najeriya kan ɗauka cewa ya gama da batun harshe. Da zarar ya fita ƙofar cibiyar zai gane kurensa. Direban bas da mai kanti da maƙwabci suna magana ne da Faransanci ko Jamusanci ko Japananci ko Larabci. Wanda ya iya gaisuwa da ƙirga da tambayar hanya yakan sami abokai, wanda bai iya ba kuma yakan ƙare zamansa tsakanin ɗakin kwana da ɗakin gwaji, ya dawo bai san ƙasar da ya je ba.

Al'adar wurin aiki ita ma wani harshe ce. Ɗalibin da ya taso cikin tarbiyyar Barebari ko Hausawa ya saba da sunkuyar da kai gaban malami, da yin shiru idan babba na magana. A yawancin ɗakunan binciken Turai, farfesa zai so a kira shi da sunansa na yanka, kuma shirun ɗalibi ana iya fassara shi da rashin sha'awar aiki. Wanda bai fahimci umarni ba ya ce ya fahimta don kunya yana iya lalata samfurin da aka yi watanni ana tanadi. A Japan kuwa ladabi da girmama na gaba sun fi kusa da abin da ya saba a gida, amma da nasu ƙa'idojin na daban.

Akwai kuma al'amuran yau da kullum da ya kamata a shirya musu tun daga gida. A tsakiyar Turai rana ba ta faɗuwa a watan Yuni sai wajen ƙarfe tara na dare, abin da ke tura sallar isha can cikin dare, asuba kuma ta zo da wuri. Neman abincin halal da masallacin Juma'a na buƙatar tambaya. Ɗaliba mai hijabi za ta iya aikinta, amma ƙa'idar kariya ta tanadi a cusa bakin mayafi cikin rigar aiki saboda wuta da sinadarai. Duk waɗannan abubuwa ne da ake warwarewa da magana, idan ɗalibi ya iya bayyana buƙatarsa cikin ladabi kuma a sarari.

Harshe a bakin Tafkin Chadi

Babban dalilin haɗa bincike da harshe yana nan gida. Jihar Borno ce kaɗai a Najeriya da ta yi iyaka da ƙasashe uku: Nijar da Chadi da Kamaru. Chadi na aiki da Faransanci da Larabci, Kamaru da Faransanci da Ingilishi. Nijar ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a 2025, amma likitocinta da masu bincikenta da Faransanci aka horar da su, kuma da shi suke rubuta rahotanninsu.

A watan Agustan 2016, bayan shekara biyu ba a ga cutar shan-inna ta asali a Najeriya ba, an gano ta a jikin yara a ƙananan hukumomin Jere da Gwoza. Martanin da ya biyo baya bai tsaya a Borno ba, domin sai da aka yi rigakafi na bai-ɗaya a Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Haka annobar kwalara ta 2010 ta ratsa ƙasashen yankin tafkin. A irin wannan hali, masanin Maiduguri da ke iya karanta rahoton takwaransa na Diffa ko N'Djamena ko Maroua, ya kuma ɗaga waya ya yi masa tambaya kai tsaye, ya rage kwanakin da cuta ke samu tana yaɗuwa.

Wannan ne ya sa ƙetaren da ya fi dacewa da ɗalibin Borno ba lallai ne ya zama Turai ba. Cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai da Cibiyar Pasteur ta Kamaru da ke Yaounde, mai reshe a Garoua, da Cibiyar Pasteur ta Dakar da ke sarrafa rigakafin zazzaɓin shawara, duk suna aiki a kan cututtukan da ke kwantar da mutane a Maiduguri: sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da kwalara da tarin fuka. Shiga cikinsu na buƙatar Faransanci, harshen da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana a 1996 a matsayin harshen hukuma na biyu, amma har yau ɗaliban kimiyya ƙalilan ne ke iya riƙe hira da shi.

Sai kuma harshen mara lafiyar kansa. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ana jin Barbarci da Hausa da Larabcin Shuwa da Babur-Bura da Margi da Fulatanci a layi guda. Ƙungiyar masu fassara ta Translators without Borders, wadda ta fara aiki a Arewa maso Gabas a 2017, ta nuna a bincikenta cewa 'yan gudun hijira da dama, musamman mata, ba sa fahimtar rubutattun saƙonnin da ake raba musu, duk da cewa ma'aikatan agaji sun ɗauka Hausa ta wadatar.

Ko a cikin Hausar ma akwai tarko. Ƙwayar cuta tana nufin bairos, tana kuma nufin bakteriya, alhali maganin da ke kashe ɗaya ba ya taɓa ɗayar. Ƙwayar halitta takan ɗauki ma'anar ƙaramin tubalin da aka gina jiki da shi, takan kuma ɗauki ma'anar abin da ake gada daga iyaye. Shawara tana iya zama rawayar ido da ke biyo bayan ciwon hanta, tana iya zama zazzaɓin da sauro ke yaɗawa. Mai binciken da zai roƙi uwa ta yarda a ɗebi jinin ɗanta dole ya san wace ma'ana ta shiga kunnenta.

Arewacin Najeriya ya riga ya ɗanɗana kuɗar wannan giɓi. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200 a Kano, inda 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya dage cewa an nemi amincewarsu da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. An sasanta da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Rashin yardar da ya biyo baya na cikin abubuwan da suka rura ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003, wanda Kano ba ta janye ba sai a watan Yulin 2004. Darasin shi ne bincike ba ya tsayuwa sai da yardar jama'a, ita kuma yarda da harshen da mutum ya sha a nono ake samunta.

Ɗalibin da ya taɓa zama baƙo, ya tsaya gaban jami'i yana jin ana magana a kansa da harshen da bai sani ba, yakan dawo da wata fahimta game da tsohuwar da ta zo daga Damasak ko Banki tana zaune gaban likita tana gyaɗa kai ba don ta gane ba.

Rabi biyu da ba su haɗu ba

Fita neman ilimi ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Tun a tsakiyar ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dabbalemi, mutanen Kanem suka kafa makaranta da masauki a Alƙahira domin ɗalibansu da alhazansu, daga baya kuma ɗaliban Borno suka sami sashensu na musamman a Azhar. A zamanin nan ma, daga 1988 zuwa 2002 Jami'ar Frankfurt ta Jamus ta gudanar da babban aikin bincike kan harsuna da al'adu da muhallin yankin tare da Jami'ar Maiduguri. A ƙarƙashinsa ne aka tono kwalekwalen Dufuna na Jihar Yobe, wanda shekarunsa suka kai kimanin 8,000.

A yau Borno na riƙe da rabi biyu na irin shirin da ake magana a kai. Rabin farko shi ne harshe. Lokacin da tsadar kuɗin waje ta hana jami'o'i tura ɗaliban Faransanci da Larabci shekarar zama a ƙetare, Gwamnatin Tarayya ta kafa Ƙauyen Harshen Faransanci a Badagry a 1991, da Ƙauyen Harshen Larabci a Ngala a 1992, a tsakiyar al'ummar da ke magana da Larabcin Shuwa. Rikicin Boko Haram ya tilasta wa cibiyar ta Ngala komawa Maiduguri. Jami'ar kanta, wadda aka kafa a 1975, tana koyar da Barbarci da Hausa da Fulatanci da Larabci da Faransanci.

Rabi na biyu shi ne ɗakunan gwaji. A asibitin koyarwar akwai ɗaya daga cikin ɗakunan gwajin shan-inna biyu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a Najeriya, ɗayan yana Ibadan. Farfesa Marycelin Baba, masaniyar ƙwayoyin bairos, ta jagorance shi cikin shekarun tashin hankali, kuma aikinsa na cikin hujjojin da suka sa aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da shan-inna ta asali a ranar 25 ga Agustan 2020.

A Damaturu, tafiyar kimanin kilomita 130 daga Maiduguri, akwai Cibiyar Bincike da Horarwa kan Kimiyyar Lafiya, BioRTC, da aka buɗe a Jami'ar Jihar Yobe a 2021. Wanda ya assasa ta, Dakta Mahmoud Bukar Maina, ya karanci ilimin sassan jikin ɗan Adam a Jami'ar Maiduguri, sannan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Sussex ta Ingila a kan cutar mantuwa ta Alzheimer. Cibiyar na shirya makarantar bazara da ke haɗa matasan masu bincike da malamai daga ƙasashen waje, tana kuma cikin masu binciken musabbabin ciwon ƙoda da ya addabi yankin Gashuwa. Maina ya yi aiki da ƙungiyar TReND in Africa, wadda ta fara kwasa-kwasan bazara a Uganda a 2011, tana koyar da bincike da ƙudan 'ya'yan itace saboda arharsa da kuma kamancin gadon halittarsa da na ɗan Adam.

Misalin Kudu maso Yamma ya nuna abin da gajeren horo ke haifarwa idan an tsara shi. Cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta riƙa tura matasan masu bincike horon bazara a Jami'ar Harvard da Cibiyar Broad ta Amurka. A watan Maris na 2020 cibiyar, tare da abokan aikinta na Legas, ta fitar da taswirar gadon ƙwayar cutar korona ta farko a nahiyar Afirka.

Abin da ya rage a Maiduguri shi ne gada tsakanin ɓangarorin biyu. Ɗalibin kimiyya da ɗalibin harshe na iya shekara huɗu a harabar jami'a guda ba su taɓa zama aji ɗaya ba.

Duwatsun da ke kan hanya

Na farko shi ne jadawalin karatu. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata takwas a 2022 ya rikita zangunan karatu, ta yadda hutun ɗalibi ba ya cika dacewa da watannin da ake gayyatarsa. Idan jami'a ta amince ta lissafta zaman a cikin shirin koyon aiki na SIWES, ɗalibin ba zai zaɓi tsakanin tafiya da jarrabawa ba.

Na biyu shi ne biza da kuɗin farko. Kuɗin bizar ƙasashen Schengen ya koma yuro 90 tun watan Yunin 2024, ban da fasfo da inshorar lafiya da tafiya Abuja ko Legas domin ɗaukar hoton yatsu. Wasu cibiyoyin sai ɗalibi ya isa suke mayar masa da kuɗin jirgi. Amurka kuwa ta tsaurara sharuɗɗan bizarta ga 'yan Najeriya tun daga watan Yulin 2025. A nan ne Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Borno da Hukumar Raya Arewa maso Gabas za su iya cike giɓi da kuɗi kaɗan idan aka kwatanta da ɗaukar nauyin cikakken digiri.

Na uku shi ne abin da ɗalibi zai tarar idan ya dawo. Hare-haren da aka kai kan turakun lantarki sun raba Maiduguri da babban layin wutar ƙasa a watan Janairun 2021, daga baya kuma aka buɗe tashar iskar gas mai megawat 50 a watan Maris na 2023. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a ranar 10 ga Satumban 2024 ta shiga asibitin koyarwar ta lalata na'urori masu tsada. Samfurin da ake adanawa a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili ba ya jure ɗaukewar wuta. Don haka dabarar da ta fi amfani a koyo ita ce wadda za ta yi aiki da kayan da ke gida.

Na huɗu shi ne 'yan damfara. Cibiyoyin da aka ambata suna karɓar takardu ne kai tsaye ta shafukansu, ba su da dillali a kasuwa ko a WhatsApp. Duk wanda ya nemi kuɗi da alƙawarin samar da gurbi, a yi hattara da shi.

Shiri tun kafin damina

Mai niyya zai fara ne shekara guda kafin tafiya. Masu tantancewa na duba sakamakon jarrabawa, da wasiƙun shaida daga malaman da suka san aikin ɗalibi da idonsu, da gajeren bayanin abin da yake son bincika. Wanda ya nemi wani malami ya riƙa taya shi aiki a ɗakin gwaji, ko da wanke kwalabe ne da rubuta sakamako, ya fi samun abin faɗa. Bayanin da ya taso daga abin da ɗalibi ya gani a unguwarsu, kamar yawan masu ciwon ƙoda ko zazzaɓin da ba ya jin magani, ya fi jan hankali a kan wanda aka kwafo daga intanet.

A cikin watannin jira, sa'a guda a rana ta isa a kafa harsashin Faransanci ko Larabci ko Jamusanci. Kafin tashi kuma, ya kamata ɗalibi ya san cewa ba a ɗaukar jini ko wani samfurin ɗan Adam a jaka a tsallaka iyaka da shi. Wannan na buƙatar izinin kwamitin ɗa'ar bincike da rubutacciyar yarjejeniya tsakanin cibiyoyin biyu, kamar yadda ƙa'idojin Kwamitin Kula da Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa suka tanada.

Ana yawan nuna fargabar cewa irin wannan tafiya ita ce matakin farko na ƙaurar ƙwararru, kuma fargabar na da tushe, ganin yadda likitoci ke barin asibitocin ƙasar nan. Amma ɗalibin da ya je hutun bazara bai kammala digirinsa ba, dole ya dawo aji. Abin da jami'a za ta yi da shi a wannan shekarar ta dawowa shi ne ke yanke hukunci. Idan ta sa shi ya koya wa 'yan ajinsa dabarar da ya koyo, ya riƙe zumunci da ɗakin da ya baro, ya kuma zauna da ɗaliban harsuna su fassara takardar neman amincewar marasa lafiya zuwa Barbarci da Hausa da Larabcin Shuwa, to tafiyar mutum ɗaya ta amfani sashe guda. Idan kuwa aka bar shi da hotuna a waya da takardar shaida a akwati, da wuya ya tsaya bayan ya karɓi digirinsa.